Raguna huɗu da kwasar adashi suka kai ni ƙarƙashin teku

Ranar da na gaya wa Inna cewa zan je wata ƙasa in shiga teku da tukunyar iska goye a baya, tana zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, don haka faifan da ke gabanta ta yi wa magana: "Wanga yaro, mi ya rasa bisa tudu da zai tahi biɗa cikin ruwa?" Maiɗakina tana bakin murhu, ta kasa riƙe dariya. Ni kuwa ba ni da amsar da za ta gamsar da tsohuwa, don a lokacin ko iyo ban iya ba. Shekarata talatin da takwas, sana'ata sayar da injin ban-ruwa da gyaransa, rabin rayuwata a fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo na yi ta, amma ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙuguna ba.

Abin ya samo asali ne a Argungu, a watan Maris na 2020, da aka dawo da bikin kamun kifi bayan an daɗe ba a yi ba. Hankalin kowa yana kan babban su na Matan Fada, ni kuwa kabanci ne ya tsaya mini a rai. Mutum ya nutse, ruwa ya rufe a kansa, jama'a su yi tsit, sai can ya ɓullo yana huci. Na tambayi wani tsohon Basarke ko me suke gani a ƙasa. Ya ce, "Babu komi ɗana, lalube na cikin duhu." Daga baya wani yaron shagona ya nuna mini bidiyo a waya, mutane suna yawo a cikin ruwa garau kamar gilashi, kifaye masu launi suna gilmawa ta gabansu, ba mai gaggawar fitowa. Tun daga ranar abin ya shiga raina ya ƙi fita. Shekara huɗu ina ɗauke da shi ban gaya wa kowa ba, don na san garinmu.

Da na ƙudura, sharaɗin maiɗakina ɗaya ne, kuma ta faɗe shi ba wasa a fuskarta: kuɗin makarantar yara da buhunan geron shekara ba za a taɓa su ba, jarin shago ma haka. Saboda haka tafiyar sai ta ci da kanta. Ina da raguna huɗu da na ɗaure a bayan gida ina ba su dusa da harawa, na kai su Kara ana saura kwana biyar Layya ta 2024. Ina kuma cikin adashin 'yan layinmu, na roƙi uwar adashi, wanda a wurinmu namiji ne mai sayar da taya, ya mayar da kwasata watan Disamba. Waɗannan biyu, da ɗan abin da nake sakawa a asusu duk Juma'a, su ne dukan abin da nake da shi. Da na haɗa lissafi ya kama naira miliyan uku da 'yar ɗoriya. A bakin mutumin Sakkwato kuɗi ne masu yawa. Da aka juya su zuwa dala, wadda a rabin ƙarshen shekarar take wasa tsakanin naira 1,500 da 1,700 a hannun 'yan canji, ba su kai dubu biyu ba.

Duk wanda ya nemi wurin koyon nutso mai araha a intanet, tsibirin Ko Tawo na ƙasar Tailan za a fara nuna masa, kuma gaskiya kuɗin karatu a can ya fi sauƙi. Amma masu wannan shawara daga Turai suke tasowa da fasfon da ƙofa ke buɗe masa. Ni da na ɗora kuɗin jirgi daga Najeriya zuwa can a kai, sai arahar ta gudu. Maldibs kuma jirgin da masaukin duka sun fi ƙarfina. Zanzibar na tsaya a kai, saboda dalilai uku da ba su da alaƙa da kifi: jirgin Habasha yana tashi daga Kano ya sauka Adis Ababa, daga nan a canja zuwa Zanzibar kai tsaye; mutanen tsibirin galibinsu Musulmi ne, ba zan yi ta tambayar wa ya yanka naman ba; kuma masallaci ba zai yi mini wuyar samu ba. Da na gaya wa Inna ana kiran salla a can sau biyar kamar nan, sai na ga kafaɗarta ta ɗan sauka.

Lokacin tafiya ma sai da na zauna na auna. Suna da damina biyu: babba daga Maris zuwa Mayu, da 'yar ƙarama wajen Nuwamba. A babbar damina kuɗin masauki yakan faɗi warwas, amma ruwan sama da iska suna iya hana jirgi fita, ga teku ta gurɓace. Ƙarshen Disamba kuwa Turawa sun cika gari don hutunsu, komai ya ninka. Na zaɓi farkon Fabrairu na 2025: hayaniyar sabuwar shekara ta lafa, ruwa da ɗumi, kuma zan dawo gida da sauran kwanaki kafin azumi.

Abin da ya fi ba ni wuya a duk shirin nan a cikin garin Sakkwato ya same ni. Takardar shaidar nutso ta matakin farko, wadda ƙungiyar koyar da nutso mai suna PADI ke bayarwa, tana da sharaɗi kafin a ba ka ita: ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba a duba sauri ko salo, iya ruwa dai fid da kai. Abokaina suka ce in je gulbin Rima yara su koya mini kyauta. Na ƙi, don na san yawan manoman fadamar da suka zo shagona suna kukan tsargiya, kuma daga irin wannan ruwan ake ɗaukarta. Sai na sami wani otal mai kwamin wanka, na yi ciniki da yaron da ke kula da wurin, ɗan Yawuri, a kan zan riƙa zuwa bayan sallar asuba kafin baƙi su tashi.

Sati biyu na farko ruwa kawai na sha. Ina dukan ruwa da hannu da ƙafa, wuyana a sandare, ina nitsewa kamar buhun gishiri. Yaron ya gaji ya ce, "Yallaɓai, faɗa kake da shi. Ba a faɗa da ruwa. Kwanta mai." Ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin bayana, ya ce in cika ƙirji da iska in kalli sama. Ina kallon shirwa tana shawagi, ina jiran ya gaya mini abu na gaba, sai na hango shi can bakin kwami yana goge hannu da tawul. Ashe ya daɗe da janye hannun. Tsawon kwamin mita ashirin ne, wato sai na kai na komo sau biyar. Ban iya hakan ba sai cikin Disamba, hunturu ya sauko, ruwan kamar ƙanƙara, ina fitowa haƙorana suna kaɗawa in wuce wurin mai shayi. Wanda ya je Zanzibar bai iya iyo ba, kwanakin da ya biya da dala zai ƙone yana koyon abin da zai koya a gida da naira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma takardar lafiya. Tambayoyi ne a kan asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon suga, hawan jini, aikin kunne da makamantansu, kuma wanda ya amsa e a wasu daga ciki sai likita ya sa hannu. Abin da ya kamata mu nan mu lura da shi musamman shi ne sikila, don mai ita ba a ba shi shawarar irin wannan nutso. Ni na san rukunin jinina tun gwajin aure, amma hawan jini yana gidanmu, don haka na kai takardar asibitin koyarwa. Likitan ya juya ta gaba da baya, ya ce tun da ya fara aiki ba a taɓa kawo masa irinta ba, ya auna ni, ya leƙa kunnuwana, ya sa hannu, ya ce in kawo masa hoto.

Biza ita ce ta kusa ɓata lissafin. Na ɗauka irin ta sauka-ka-biya ce a filin jirgi, kamar yadda matafiyan Turai ke rubutawa. Ashe fasfon Najeriya yana cikin jerin waɗanda Tanzaniya ke cewa sai an nema tun daga gida, a duba takardunka a amince kafin ka taso. Su da kansu suna ba da shawarar a nema da wata biyu a gaba, kuma kada a sayi tikiti sai amsa ta fito. Na cika a intanet farkon Nuwamba, na biya dala 50 da katin wani abokina mai asusun dala, don katina na naira a lokacin ba ya biya a waje. Daga nan sai jira. Kullum in duba waya, kullum kuɗin tikiti yana motsi ina kallo ba halin saye. Ta fito ana gab da sabuwar shekara. Ban da ita akwai katin rigakafin shawara, da inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44 kowane mutum. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke cinye mutum, don ba wanda ke sa su a lissafin farko.

Tikiti ya lashe kusan dala 900, wato kusan rabin dukiyar. Ragowar na riƙa saye ɗari-ɗari a wurin ɗan canji. Wani da ya taɓa zuwa gabashin Afirka ya gargaɗe ni cewa ba sa karɓar tsofaffin takardun dala, don haka duk wadda aka miƙo mini sai na duba shekararta. Alhajin canjin har ya ji haushi: "Kai ko banki ba su yi min wanga bincike." Na ce ranka shi daɗe, a can ba ni da wanda zan koma wa.

Makarantun nutso shida na rubuta wa, duk a Nungwi da Kendwa da Matemwe, arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Farashin da suka ba ni ya kama daga dala ɗari huɗu da wani abu zuwa kusan ɗari shida, amma lambar farko ba ta gaya maka komai. Sai ka tambaya: kuɗin littafin intanet yana ciki? Kuɗin katin shaida fa? Hayar kaya? Kuɗin shiga yankin da aka killace? Ɗalibi nawa malami ɗaya ke riƙewa? Akwai iskar oksijin ta gaggawa a cikin jirgi? Wadda ta fi araha, da na tara abubuwan da ta ɓoye, sai ta zarce ta tsakiya. Wata kuma da na tambayi yawan ɗalibai sai ta daina amsawa. Na ɗauki wadda na ga sunanta a jerin PADI, ta ce ɗalibi huɗu ne iyaka, dala 480 komai da komai. A nan na tsayar wa kaina doka: duk tsumulmular da zan yi a kan tudu zan yi ta, a gado da abinci da mota. Abin da zan sa a baki in shaƙa a ƙarƙashin ruwa ba na neman ragi a kansa.

Karatun na yi shi a gida, a waya, da dare bayan an rufe shago. Babi biyar ne, da Turanci, kuma abin mamaki sana'ata ta taimake ni, don duk maganar matsin ruwa ce. A bakin teku iska tana danna mu da awo ɗaya, abin da suke kira "bar" da Turanci. Kowace mita goma ka sauka, an ƙara ɗaya. A mita 10 matsi ya ninka, iskar da ke cikin kowane abu ta koma rabin girmanta. In ka hau kuma ta kumbura. Shi ya sa babbar dokar ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, domin wanda ya cika huhu a ƙasa ya taso baki rufe, huhun zai iya yagewa. Wannan ya saɓa wa duk abin da na gani a Argungu, inda gwaninta ita ce riƙe numfashi. Tukunyar kuma ba oksijin ba ce zalla kamar yadda mutane ke zato, iskar nan ce da muke shaƙa aka tace aka danna har awo 200. Tayar mota ba ta wuce biyu da ɗan abu. Da na karanta wannan sai na fara girmama ƙarfen.

Na bar Sakkwato da asuba a motar haya, ta Talata Mafara da Gusau da Tsafe, don hanyar nan ba mai hankalin da ke binta da dare. Na kwana Kano wurin ƙanena, washegari na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Agogon Zanzibar yana gaban namu da awa biyu. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume masu tasi suka yi mini caa da farashin dala, na wuce su na nemi hanyar kasuwar Darajani, na shiga daladala mai lamba 116 zuwa Nungwi. Daladala ita ce motar talakawa, wasu bas ne, wasu a-kori-kura aka yi wa benci da rumfa. An cusa ni tsakanin wata mata mai kwandon ayaba da buhun gawayi, gwiwata a haɓata, amma abin da na biya bai kai kuɗin kwalbar ruwa a otal ɗin bakin teku ba.

Masaukina yana cikin ƙauye, tafiyar minti goma daga yashi, dala 20 a kwana, fanka da gidan sauro da shayin safe. Abinci kuwa inda masunta ke ci nake ci: shinkafa da wake da romon kwakwa, capati, wainar ƙwai da dankali, kifi gasasshe. Harshensu ya riƙa ba ni dariya, don kamar Hausa ce ta yi tafiya ta dawo da wata riga: asubuhi, alhamisi, sabuni, ishirini, hamsini, habari. Malami ma mwalimu suke cewa. Lissafin lokacinsu ne ya ruɗe ni. Yaron masauki ya ce shayi ƙarfe ɗaya, na ce wane irin karin kumallo ne da azahar. Ashe daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe ita ce ɗayarsu. A masallaci kuma na tsaya ina neman gabas, wani dattijo ya kama kafaɗata ya juya ni. Alƙiblarsu arewa take.

Sai ga ƙurar hunturun da na kwaso daga gida ta biyo ni. Na tashi ranar farko hanci a toshe. Mwalimu, wani baƙin mutum siriri ɗan tsibirin, ya ce in toshe hanci in hura a hankali. Kunnen dama ya yi ɗan ƙas, na hagu shiru. Ya girgiza kai. Mai mura ba ya nutso, domin in iska ba ta wuce daga maƙogwaro zuwa cikin kunne ba, ruwa zai danna dodon kunnen har ya ji ciwo ko ya fashe. Ya ce in dawo jibi. Allah ya so kwana takwas na tsara alhali karatun na kwana huɗu ne, ba don haka ba da tafiyar ta tashi a banza.

A yinin nan ina zaune bakin teku raina a ɓace, wani saurayi cikin masu tare baƙi, waɗanda mutanen gari ke kira papasi, ya zauna kusa da ni. Ya ce me zai sa in biya ɗaruruwa, shi zai kai ni yau ɗin nan a dala arba'in, ba aji ba jarrabawa, mura kuma ba komai ba ce. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta motsa. Na bi shi bayan wata rumfa ya nuna mini kayan. To ni tiyo da bawul su ne abincina. Na lanƙwasa tiyon da ke zuwa baki, sai ga tsaga-tsaga a jikin robar kamar diddigen manomi da rani. Zoben robar da ke bakin tukunya ya bushe ya baje. Gishiri ya ci ƙarfen har ya yi fari-fari, kuma na duba wuyan tukunyar inda ake buga ranar gwaji, shekarun da na gani sun yi nisa. Ko a injin ban-ruwa ba zan ɗaura wa manomi irin wannan tiyo ba, balle abin da raina zai rataya a kai. Na ce masa na gode. Araha ba ta ado.

Da hancin ya buɗe muka fara a ruwa mara zurfi, mu uku, ni da wasu Turawa biyu mata da miji. Rigar roba mai kama jiki, wadda na ɗora wa dogon gajeren wando don ban saba ba, rigar da ake hura wa iska, ɗamarar darma, takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Numfashin farko a ƙarƙashin ruwa jikina ya ƙi yarda, ƙwaƙwalwa tana cewa shaƙa, ƙirji yana cewa ƙarya ne. Wannan ya wuce da sauri. Wanda ya kusa kayar da ni shi ne cire tabarau, wanda ke rufe ido da hanci. Ana so ka cire shi gaba ɗaya a cikin ruwa, ka ci gaba da numfashi ta baki, ka mayar, ka ɗaga kai ka hura ta hanci har ruwan ya fita. Ina cirewa ruwan gishiri ya haura hancina, na manta duk abin da na karanta, na yunƙura zan yi sama. Mwalimu ya riƙe rigata da hannu ɗaya, ya sa ɗayan a ƙirjinsa yana nuna mini shiga, fita, shiga, fita. Na tsaya. Na yi tari a cikin abin bakin, ashe ana iya yi. Sau huɗu muka maimaita. Bayan nan ma tabarau ya yi ta yoyo, sai ya nuna gashin bakina, ya ce shi ke hana robar kamawa. Da dare na sa reza na rage shi, na ce dama sunna ce.

Alamun hannu ma sai da na sake koyo. Ɗaga babban yatsa a can ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu hau. Sau biyu ina jin daɗi na ɗaga, mwalimu ya zaro ido.

Nutso huɗu ake yi a teku, biyun farko ba a wuce mita 12, na ƙarshe har 18, wadda ita ce iyakar wannan takarda. A na biyu mwalimu ya sauko da gorar ruwa ta roba, ba komai a ciki, murfi a rufe. Muna isa ƙasa ya nuna mana ita ta lotse kamar an taka. Ya buɗe, ya cika ta da iska daga abin bakinsa, ya rufe. Da muka fito ta yi tauri kamar za ta fashe, yana kwance murfin ta yi tsaki. Ya nuna ta, ya nuna ƙirjina. Babi guda na karanta a kan wannan, amma gorar nan ce ta zaunar da shi.

Abin da ke ƙasan kuwa, ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai wuce Rima ba. Shiru ne, sai ƙarar numfashinka da wani ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a nesa. Komai ya fi girmansa ya kuma matso kusa, na miƙa hannu ga igiyar jirgi na kama ruwa. Jan launi shi ke fara ɓacewa, jar igiyar agogon mwalimu ta koma ruwan ƙasa. Murjani, wanda ni a wuyan amare da cikin adudun Inna na san sunansa, ashe halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne suka gina shi, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar saniya. Ba a taɓawa, ba a takawa, ba a ɗauka. Wani kunkurun teku mai faɗin tire ya zo ya wuce ta gefena, ya dube ni da ido ɗaya irin duban da dattijo ke yi wa baƙon da bai yi sallama ba. Ina ta zumuɗi, iskata ta riga ta kowa ƙarewa: cikin rabin awa allurar ma'aunin iskar tukunya ta sauko daga 200 zuwa 50, inda doka ta ce a tashi, alhali Baturiyar nan tana da fiye da ɗari. Saboda ni aka katse. Muka tsaya a mita 5 minti uku, kamar yadda ake yi don iskar naitirojin da jiki ya sha ta samu fita a hankali, ina rataye a igiya ina jin kunya.

Da na karɓi shaida, ragowar kuɗina ya isa nutso biyu a gefen tsibirin Mnemba, dala ɗari da goma har da kuɗin shiga. Tsibirin kansa ba a sauka a kai, na masu otal ne, a ruwa ake tsayawa. Jiragen masu kallo sun yi yawa a saman har abin ya ba ni haushi, amma ƙasa ta biya. A hanyar dawowa teku ta tashi, na amayar da ayabar da aka ba mu, na yi azahar da la'asar a haɗe bayan mun sauka.

Kwana na ƙarshe dole ne a bar shi fanko. Wanda ya yi nutso kwanaki a jere ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 18 aƙalla, da yawa ma suna cika 24, don a sama matsi yana raguwa, naitirojin da ya rage a jini zai iya yin kumfa. Na yi ranar a tsohon gari mai lunguna da ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla, na sayi kanumfari da kirfa a Darajani, da zannuwa biyu na maiɗakina, na ci abincin dare a dandalin Forodhani na bakin teku. Da na zauna a filin jirgi na ƙirga abin da ya rage, dala ashirin da uku ne da 'yan shilin da ba su canjuwa a Sakkwato.

Na iso gida ana saura sati biyu azumi. Bayan isha'i na kai wa Inna kanumfarinta, na zauna gefen tabarma na kunna mata bidiyon da mwalimu ya ɗauke ni. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta kalla har ƙarshe, ta ce a mayar. Ta tambaya ko na yi salla a kan lokaci, na ce na yi. Ta tambaya ko na ga 'yan ruwa, na ce ban gamu da su ba. Ta ce ai ba kowa suka nuna wa kansu ba. A kallo na uku ta sa yatsa a kan wani kifi mai ratsin rawaya da ya gilma ta gaban tabarauna, ta juya wajen maiɗakina.

"Tambaye shi, wanga ana cin shi?"